Kujerar da aka keɓe ko rabon gwargwadon ƙuri'a: wanne ya fi yi wa Maori rana a majalisar Niyu Zilan?

Duk mai jinin Maori, wato 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan tun kafin zuwan Turawa, ranar da zai yi rajistar zaɓe akwai tambayar da ake yi masa wadda ba a yi wa maƙwabcinsa Bature: a wace rajista za a sa sunanka, ta Maori ko ta kowa da kowa? Idan ya ɗauki ta farko, ƙuri'arsa ta mazaɓa za ta faɗa kan ɗaya daga cikin kujeru 7 da aka keɓe wa Maori. Idan ya ɗauki ta biyu, zai zaɓi wakilin unguwarsu tare da sauran jama'a. Kusan rabinsu suna can, kusan rabi suna nan. Ko a tsakanin masu abin ke nan gardamar ba ta mutu ba.

Ƙasar ta gwada hanyoyi biyu na shigar da 'yan asalinta majalisa, kuma yau duka biyun suna aiki kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa take da daɗin awo. Ɗaya ita ce a ware musu kujeru nasu na kansu. Ɗayar kuma a sauya yadda ake raba kujerun majalisa gaba ɗaya, kowace jam'iyya ta samu gwargwadon ƙuri'ar da ta ci, sai marasa rinjaye su shigo ta ƙofar da kowa yake shiga. Wanda aka ce ya zaɓi ɗaya, ko ya faɗi wadda za a fara da ita, yana buƙatar ya san abin da kowacce ta haifar.

Kujerun da aka keɓe su ne tsofaffi. An kafa su da doka a 1867, shekara 27 bayan yarjejeniyar Waitangi ta 1840 tsakanin sarakunan Maori da masarautar Ingila, kuma a lokacin ƙurar yaƙe-yaƙen ƙwace ƙasa ba ta gama kwantawa ba. Dalilin da aka bayar na doka ne: a zamanin, sai namijin da ya mallaki fili da sunansa yake jefa ƙuri'a, Maori kuwa ƙasarsu ta gandu ce, ta dangi, ba ta mutum ɗaya ba, don haka kusan dukansu suna waje. Sai aka ce to ga kujeru 4, duk namijin Maori da ya kai shekara 21 ya yi zaɓe ko da ba shi da ko taku ɗaya. Abin mamaki, ta nan suka riga talakawan Turawa samun wannan 'yanci da shekara 12, don su sai 1879 aka cire musu sharaɗin fili.

Amma kada a ɗauka kyauta ce ta tsakani da Allah. Turawa suna da kujeru 72 a lokacin, kuma da an bi yawan jama'a, da Maori sun tashi da 14 zuwa 16. Aka ba su 4, aka ce na shekara biyar ne, aka sabunta, a 1876 aka mayar da su na dindindin, suka zauna a 4 ɗin nan har 1996, majalisa tana ta faɗaɗa su suna nan inda suke. Yadda ake zaɓen ma abin dubawa ne. Turawa sun samu ƙuri'ar sirri tun 1870. Maori kuwa da ɗaga hannu suka fara, daga baya mutum ya tsaya gaban jami'in zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, a rubuta, mutane suna ji. Sai 1937 aka ba su sirrin akwati. Wanda ya taɓa tsayawa a layi bayan hoton ɗan takara, mai unguwa yana kallonsa, ya san nauyin wannan. Har zuwa 1967 kuma, cikakken Maori ba shi da damar tsayawa takara a mazaɓar Turawa. Wato kujerar da ta zama ƙofa ita ce kuma ta zama katanga.

Duk da haka ta fitar da mutane. Apirana Ngata ya riƙe kujerar Maori ta Gabas daga 1905 zuwa 1943, hotonsa ne yau a kan takardar dala 50 ta ƙasar. Iriaka Ratana ta shiga a 1949, mace ta farko daga cikinsu. Sai dai daga 1943 jam'iyyar Leba ta kwashe kujerun huɗu ta riƙe su shekara 50 cur, albarkacin ƙawancenta da Ratana, wata ɗariƙar addini ta Maori. Sau biyu, a 1946 da 1957, da waɗannan kujeru huɗu Leba ta kafa gwamnati. Amma kujerar da kowa ya san inda za ta faɗa ba ta da ciniki: mai ita ba ya tsoron rasa ta, abokin hamayya ba ya ɓata lokacinsa a kanta. Wannan shi ne babban aibin keɓe kujera a ƙarƙashin tsohon tsari, kuma duk mai son kwaikwayon abin ya riƙe shi.

Sauyin tsarin zaɓe bai taso saboda Maori ba. Turawan ne da kansu suka gaji. Tsarin da suka gada daga Ingila shi ne irin wanda Najeriya take kai: ƙasa a yanka ta mazaɓu, wanda ya fi ƙuri'a a kowace mazaɓa ya ɗauke, sauran su tafi hannu rabbana. A 1978 da 1981 Leba ta fi babbar abokiyar hamayyarta, jam'iyyar National, yawan ƙuri'a a faɗin ƙasa, amma National ce ta fi kujeru ta kafa gwamnati. A 1981 ɗin, wata ƙaramar jam'iyya, Social Credit, ta ci sama da kashi 20 cikin ɗari ta tashi da kujeru 2 cikin 92. Aka kafa babban kwamitin bincike, ya miƙa rahoto a 1986, ya ba da shawarar a ɗauki irin tsarin Jamus, wanda suke kira MMP. A ƙuri'ar raba gardama ta 1993 kusan kashi 54 suka amince, aka yi zaɓen farko da shi a 1996, kuma da aka sake tambayar jama'a a 2011 kusan kashi 58 suka ce a bar shi.

Ga yadda takardar take. An raba ta gida biyu. A hagu jerin jam'iyyu, ka sa alama a kan ɗaya. A dama 'yan takarar mazaɓarka, ka sa alama a kan ɗaya. Ta hagun ita ce mai yanke yawan kujerun kowace jam'iyya cikin 120. A ce jam'iyya ta ci kashi 10: kujeru 12 ke nan ko kusa da haka. In ta ci mazaɓu 3, sai a cike mata sauran 9 daga jerin sunayen da ta miƙa kafin zaɓe, daga sama zuwa ƙasa. Sharaɗin shiga rabo shi ne kashi 5 na ƙuri'ar jam'iyya, ko cin mazaɓa ko da ɗaya. A zaɓen 2023 mazaɓu 72 ne, 65 na kowa, 7 na Maori, sauran kujerun na jeri.

A nan ne hanyoyin biyu suka yi karo. Kwamitin 1986 ya ce idan an ɗauki sabon tsari, a soke kujerun Maori. Hujjarsa mai ƙarfi ce: da zarar kowace ƙuri'a tana da daraja ko daga ina ta fito, dole kowace jam'iyya ta nemi ta Maori, ta sa 'ya'yansu a saman jerinta, maimakon a tara su a lungu huɗu a manta da su. Ya ma ba da shawarar a ɗauke wa jam'iyyun Maori sharaɗin kason shiga. Shugabannin Maori suka ce a'a, a bar mana abinmu. Aka bari, kuma aka yi gyaran da ya fi komai amfani: yawan kujerun ya daina zama a daskare, ya koma bin yawan waɗanda suka shiga rajistar Maori. Suka zama 5 a 1996, 6 a 1999, 7 daga 2002.

To, a auna. Idan ma'aunin shi ne yawan fuskoki, kwamitin ya yi gaskiya, babu ja. Zaɓen farko na sabon tsari kaɗai ya kusan ninka yawan 'yan majalisa masu jinin Maori. Bayan zaɓen 2023 sun kai 33 cikin 123, sama da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali a ƙidayar wannan shekarar ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba. Bakwai ne kawai daga cikin 33 ɗin suka shigo ta kujerar da aka keɓe. Sauran 26 ta jeri ko ta mazaɓar kowa suka zo. Mai cewa a soke kujerun da wannan lissafin yake kafa hujja, kuma Don Brash ya yi ta a 2004 yana shugaban National, Winston Peters, shugaban wata ƙaramar jam'iyya, shi ma ya daɗe yana yin ta.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Majalisar nan mai Maori 33 ita ce ta soke hukumar lafiya ta Maori a 2024. Mutum biyun da suka yi karɓa-karɓa a kujerar mataimakin firaminista, Winston Peters da David Seymour, duka suna da jinin Maori, kuma Seymour ne ya kawo ƙudurin sake fassara ƙa'idojin yarjejeniyar Waitangi, wanda ya fito da dubun-dubatar mutane kan titi har ƙofar majalisa a Wellington, babban birnin ƙasar. Ba ina cewa su ba 'ya'yan dangi ba ne, ko kuma duk Maori bakinsu ɗaya. Akwai Maori da yawa da suke zaɓen su da zuciya ɗaya. Abin da nake nufi shi ne ba Maori ne suka ɗora su a matsayin Maori ba, don haka ba su ne za su sauke su ba. Ɗan majalisar jeri jam'iyya ce ta rubuta sunansa a lamba kaza, kuma ita ce za ta iya mayar da shi ƙasan takarda a zaɓe mai zuwa. Zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Kujerar da aka keɓe kuwa tana da mai ita, kuma sabon tsari ya sa mai itan ya koyi amfani da sandarsa. A 1996 jam'iyyar Peters ta kwashe duka 5 daga hannun Leba. Shekara uku bayan haka aka ƙwace aka mayar wa Leba. A 2004 gwamnatin Leba ta yi dokar da ta mayar da gaɓar teku da ƙarƙashinsa mallakin gwamnati, ta toshe wa dangogin Maori hanyar kotu. Tariana Turia, minista ce a lokacin, ta ajiye muƙami, ta bar jam'iyya, ta koma mazaɓarta ta Maori ta nemi a sake zaɓenta, aka sake. Tambayi kanka: da ta jeri ta shigo, wa za ta koma wurinsa? Jam'iyyar Maori da ita da wasu suka kafa ta ci kujeru 4 a 2005, 5 a 2008, ta shiga yarjejeniya da gwamnatin John Key ta jam'iyyar National, kuma a 2011 aka soke waccan doka. Da jama'a suka ga zaman da National ya yi tsawo, a 2017 suka share ta daga majalisa gaba ɗaya. Ta dawo majalisa a 2020, a 2023 kuma suka ba ta 6 cikin 7.

A zaɓen nan ne wata yarinya 'yar shekara 21, Hana-Rawhiti Maipi-Clarke ta jam'iyyar Maori, ta kayar da Nanaia Mahuta ta Leba, ministar harkokin waje mai zanen gargajiya a haɓa, wadda take majalisa tun 1996, kafin a haifi yarinyar. A watan Nuwamba na 2024, da aka zo ƙirga ƙuri'a kan ƙudurin Seymour aka tambayi matsayin jam'iyyarta, sai ta miƙe ta ɗaga murya da kirarin gargajiya na Maori da suke kira "haka", ta yaga takardar ƙudurin gida biyu, ta sauko tsakiyar zaure, 'yan uwanta da mutanen da ke saman bene suka amsa. Aka dakatar da zama, daga baya aka dakatar da ita kwana 7, shugabannin jam'iyyarta biyu kwana 21. Mutum zai iya cewa ta keta ladabin majalisa, kuma akwai masu faɗa. Ba kirarin ne ya kashe ƙudurin ba, a Afrilun 2025 ya faɗi da ƙuri'a 112 da 11 saboda manyan jam'iyyu ba su tare da shi tun farko. Abin lura kawai shi ne ba ta jin tsoron mai rubuta jeri, don ba shi ya kawo ta ba.

Yanzu aibobin. Mazaɓun Maori shimfiɗe suke a kan taswirar ƙasar gaba ɗaya, a saman mazaɓun kowa, don haka girmansu ya wuce misali. Mazaɓar Te Tai Tonga ita kaɗai ta haɗiye dukan Tsibirin Kudu, ɗaya daga manyan tsibiran ƙasar biyu, ta ƙetare ruwa ta ɗauki wani yanki na Wellington, ga ƙananan tsibirai. Mutum ɗaya ne zai zagaye wannan, alhali a tsibirin nan akwai mazaɓun kowa 16. Fitowar masu zaɓe a mazaɓun Maori kuma kullum tana ƙasa da ta sauran. Sannan duk Maori da ya koma rajistar Maori ya fita daga lissafin wakilin unguwarsu, wanda zai iya cewa ba ruwansa da shi. Ga kuma rarar kujeru: a 2023 jam'iyyar Maori ta ci kashi 3 da 'yan kai na ƙuri'ar jam'iyya, rabonta kujeru 4, amma ta ci mazaɓu 6, dole aka ƙara wa majalisa kujeru 2. Da yawa sun ba ɗan takararta ƙuri'ar dama, suka ba Leba ta hagu. Wayo ne halastacce, amma abokan hamayya suna ganin an ci da hannu biyu.

Zargin da aka fi yi, cewa an ba wata ƙabila ƙuri'ar da ta fi ta kowa, shi ne mafi rauni. Mai rajistar Maori ƙuri'a biyu yake da ita kamar kowa, kuma ana yanka mazaɓarsa da ma'aunin yawan jama'a iri ɗaya da na sauran. Ba lallai ne ɗan takarar ma ya zama Maori ba. Raunin gaske a wani wuri yake: sashen dokar zaɓe ta 1993 da ya tsara mazaɓun kowa ba a taɓa shi sai da kashi 75 na majalisa ko ƙuri'ar raba gardama, amma na kujerun Maori rinjayen mutum ɗaya ya isa ya share shi. An kawo ƙudurin daidaita su, ya faɗi a 2019.

Akwai hanya ta uku da ake yawan kawowa, wato a kafa wa 'yan asali majalisarsu daban ta ba da shawara. Norway ta buɗe wa Sami, 'yan asalin arewacinta, irinta a 1989. Ostireliya ta nemi sa makamanciyarta a tsarin mulki a Oktoban 2023, kusan kashi 60 suka ƙi. Tana da amfaninta a harkar harshe da al'ada, amma mai shawara ba ya ɗaga hannu ranar kasafin kuɗi, don haka ban sa ta a sikeli ɗaya da waɗancan biyun ba.

Abin da zai yanke wa mai zaɓi hukunci, a ganina, tambayoyi biyu ne, kuma ta farko ta taswira ce: mutanen a tare suke ko a warwatse? Maori bayan yaƙin duniya na biyu sun kwarara birane, yau mafi yawansu a can suke, tsiraru a kusan kowace unguwa. Duk yadda ka ja layi ba za ka fitar musu da mazaɓu bakwai ba, shi ya sa sai da rajista ta daban. Nijar ta fuskanci tambayar ta ba da wata amsa. Tun zaɓen 1993, ban da rabon gwargwado a jihohi, ta ware mazaɓu na musamman guda 8 a wurare irin su Tasara da Tesker da N'Gurti da Bilma, domin Larabawa da Tubawa da sauran ƙananan al'ummu su samu shiga, kuma haka aka tafi har juyin mulkin 2023 ya rushe majalisar. Can ƙasa aka keɓe, ba jini ba: duk mazaunin wurin yana zaɓe. Inda jama'a suke dunƙule wuri ɗaya, wannan ya fi sauƙi kuma ya fi aminci, don ba sai an tambayi kowa sunan kakansa ba.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A Niyu Zilan mutum da bakinsa yake cewa yana da jinin Maori, ba a neman takarda, kuma tun 2023 yana iya sauya rajista duk lokacin da ya ga dama in ba a cikin wata uku na gab da zaɓe ba. A ƙasar da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma take raba ɗan gari da baƙo, inda kalmomin nan biyu suka ci rayuka a Jos, rajistar jini za ta zama fetur ne a hannun 'yan siyasa. Koken Gbagyi da sauran 'yan asalin Abuja, waɗanda birni ya taso a kan gonakinsu kuma yankin nasu yake da sanata ɗaya da wakilai biyu ba majalisar jiha, ya fi kama da na Maori fiye da kowane a Najeriya, amma ko su, ni dai hanyar Nijar zan nuna musu kafin ta Wellington.

Tambaya ta biyu: wa yake rubuta jeri? Kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa a 2007, ya ba da shawarar a haɗa rabon gwargwado da tsarin da ake kai, shawarar ta kwanta a kabad. Da an ɗauka, da ƙuri'un da suke zubewa a banza sun ragu. Sai dai inda iyayen gida suke zama a ɗakin otal su fitar da ɗan takara, jerin sunaye zai zama gonarsu, kuma ɗan tsirarun da za su sa a lamba ta uku shi ne wanda ba zai taɓa yi musu musu ba.

Da za a ce lallai in ɗauki ɗaya wa Maori, rabon gwargwado zan fara ɗauka, domin kujerun nan shekara 129 suka yi suna 4, hamsin daga ciki a aljihun jam'iyya ɗaya, kuma sai da tsarin ya sauya gwamnatoci suka koma na haɗaka sannan kujera biyar ko shida ta zama abin da ake zuwa nema har gida. Amma ba zan bi kwamitin 1986 in soke su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dokar ta riga ta bar hukuncin a hannunsa: ranar da Maori suka ga kujerun ba su da sauran amfani, za su fice daga rajistar ɗaya bayan ɗaya, adadin ya sauko da kansa daga 7 zuwa 6 zuwa 5. Tun 2002 bai sauko ba.